Yadda za ka rabu da matacciyar waya, tsohon batir da sauran kayan wuta a Zariya ba tare da ka cuci kanka ko maƙwabta ba

Tambayar nan dai an yi min ita har na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce batiran inbatansa sun mutu ya zai yi da su, wancan ya ce akwai wayoyi sun fi biyar a durowa yana tsoron bayarwa saboda hotunan iyali, wata kuma talabijin ce mai ƙugu tun ta aurenta ta tare mata ɗaki. Toh ga shi na haɗa a wuri ɗaya. Abin da nake so ka riƙe shi ne duk wani mataccen kayan wuta abu uku ne a cikinsa, akwai sirrinka, akwai kuɗi, akwai guba, kuma yawancin mutane kuɗin kawai suke gani shi ya sa suke fara ciniki tun kafin su cire sirrin su killace gubar. A bi matakan nan a jere, kar a tsallake.

Kayan aikin ba wasu masu tsada ba ne: tef ɗin masu wayarin, safar hannu mai kauri, takunkumi, kwali biyu ko uku, bokitin ƙarfe da busasshen yashi, sukundireba, ɗan maganaɗisu ko da na tsohuwar sifika ne, kanwa, sai biro da takarda. Tef da safar hannu ne kawai za su ci maka kuɗi, sauran akwai su a gida.

1. Fito da komai ka ware

Ka samu inuwa a tsakar gida, ka kori yara tukuna, ka fito da su gaba ɗaya. Kashi huɗu za ka yi. Na farko masu ajiye bayanai: waya, laftof, kwamfutar tebur, filas, memori, kyamara, na'urar da ke naɗar hoton kyamarar tsaro. Na biyu batira kowane iri, tun daga na tocila har na sola. Na uku masu gilashi ko gas, wato tsohuwar talabijin, dogon ƙwan fitila, firji, na'urar sanyaya ɗaki. Na huɗu sauran tarkace, fanka, ayan, sitabilaiza, caja, wayoyin wuta, rediyo, dikoda.

Gargaɗi tun a nan: ba duk abin da ke gidanka ne kake da ikon sayarwa ba. Mitar wuta in ta lalace Kaduna Electric ake sanar wa, ba a cire ta a miƙa wa ɗan gwangwan, lambarta na haɗe da asusunka kuma rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin da za ka samu. Na'urar POS ka duba yarjejeniyarka da kamfanin da ya ba ka, da yawa mayarwa ake yi. Kayan ofis ko na makaranta kuwa ko sun shekara goma a sito suna cikin rijista, sai an bi hanyar cire su a rubuce, in ba haka ba ranar da masu binciken kuɗi suka zo sunanka ɓarawo ko da matacciyar firinta ce.

2. Ka tabbata ya mutu, ka kuma duba ko mai shago ne ya kamata ya ɗauki asarar

Mutane da yawa na zubar da abin da fiyus ne kawai ya ƙone ko wurin caji ya saki. Kai shi wurin mai gyara a PZ ko cikin Sabon Gari ko Samaru, duk inda ka saba, ka ce a duba maka kawai tukuna, ku yi maganar kuɗin dubawa kafin ya kwance. In kuɗin gyara ya kusa rabin kuɗin sabo kuma kayan ya tsufa, ni a ganina a haƙura.

Amma in kayan bai jima a hannunka ba kar ka bari kowa ya buɗe shi, don da zarar an ɓalle hatimin garanti ya tashi. Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba ka damar mayar da kayan da ya fito da matsala cikin wata 3 da karɓa, a gyara ko a canza ko a maido maka kuɗinka, kuma rubutun nan da wasu ke mannawa a shago wai in an saya ba a dawowa bai soke wannan haƙƙin ba. Ban da wannan akwai garantin kamfani, galibin wayoyi shekara ɗaya ne, masu Tecno da Infinix da itel Carlcare ce ke duba musu. Sharaɗin dai kar ya zama kai ka yar da ita ko ta faɗa ruwa, kuma ka riƙe rasit da kwalin. Batirin inbata da fanel ɗin sola su ma suna zuwa da garanti, sai dai masu sayarwa ba sa son ambatonsa in ba ka tambaya ba, don haka nemo takardar kafin ka ce ya zama na bola.

3. Kwashe sirrinka

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne asarar ta fi zafi. Wayar da allonta ya mutu ba ta manta komai ba, fanel ɗinta, wato injin cikinta mai ɗauke da ƙwaƙwalwa, na nan da ransa, mai gyara zai iya ɗora masa wani allon a minti kaɗan ya ga duk abin da ke ciki in babu kulle.

In wayar tana kamawa, ga yadda za ka bi. Fara da kwafe abin da kake so, lambobi, hotuna, hirar WhatsApp, ka tabbata sun sauka a sabuwar wayar ka gan su da idonka. Sai ka fita daga manhajojin banki ɗaya bayan ɗaya, Opay, Palmpay, Moniepoint da na bankinka. Sai ka cire asusun Google daga wayar, mai iPhone kuma ya kashe Find My ya fita daga iCloud. Bayan nan ka cire sim da memori. Sai a ƙarshe ka yi mata riset ɗin da ke mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yi riset ba a cire asusun Google ba, wayar sai ta kulle tana neman tsohon imel ɗinka, wanda ya saya ya dawo yana maka sallama a ƙofar gida ko kuma ya kai a yi mata filashin a rage maka rabin kuɗin.

Maganar sim kar ka ɗauke ta da wasa. Layin nan an haɗa shi da NIN ɗinka, kuma in shi ne ka yi rajistar banki da shi duk wanda ya sa shi a waya zai iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, ya danna *346# ya nemo NIN, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ƙananan wayoyin nan masu madannai su aka fi mantawa da sim a cikinsu, musamman rami na biyu da ke ƙarƙashin batir, kuma su ne iyayenmu ke karɓar alat da su. In layin ka daina amfani da shi ne gaba ɗaya, je banki ka canza lambar da ke kan asusunka tukuna, saboda layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da shi ga wani, sai ka ga alat ɗinka na shiga wayar baƙo. Bayan ka canza sai ka datse sim ɗin da almakashi ta kan ƙarfen.

In kuma wayar ta mutu murus ba ta kamawa: shiga asusun Google ɗinka ta wata wayar, ka je wajen tsaro ka ga jerin na'urorin da ke ciki, ka fitar da matacciyar, ka canza faswod. Ka buɗe WhatsApp a sabuwar waya da layin, wannan zai fitar da tsohuwar, amma fa hotuna da bidiyon da suka riga suka sauka suna nan a cikinta. Sababbin wayoyi masu kulle da fin ko zanen hannu bayanansu a ɗaure suke, da wuya a buɗe, tsofaffi da waɗanda ba a taɓa sa wa kulle ba su ne matsalar. Irin waɗannan in akwai abin da ba ka so a gani, hotunan iyali, takardun fili, katin shaida, ka sa mai gyara ya cire maka fanel ɗin a gabanka, ka sayar masa da allo da gida da sauran, fanel ɗin kuma a huda shi ko a fasa ƙwaƙwalwar kafin ya tafi. Kuɗin zai ragu, eh, amma gara haka. Mata musamman, don Allah kar a aiki yaro da waya wai ya kai wa mai gyara ya sayar, ki sa maigida ko ɗan'uwanki ya tsaya a kai ko ki je da kanki.

Laftof da kwamfutar tebur kuma, gogewa da fomat na gaggawa ba sa share komai, akwai manhajojin da ke dawo da su. Kwance hadis ɗin, wato ma'ajiyar bayanan kwamfutar, ka riƙe, sukuru kaɗan ne, za ka iya saya masa gida ya zama maka wurin ajiya. In shi ma ya mutu a huda shi da dirila wuri uku ko huɗu. Kafin duk wata waya ta bar hannunka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ko ka duba jikin kwali, za ta yi amfani a mataki na 7.

4. Batira

Iri biyu ne suke da haɗari sosai kuma kowanne da yadda ake bi da shi.

Na waya da laftof da fawa banki da fitilar caji da wasu sababbin batiran sola, galibinsu litiyom ne, matsalarsu wuta. In ka ga batir ya kumbura kamar fanke har yana ɗaga murfin waya, daina cajinsa nan take, kar ka danna shi wai ya koma, kar ka huda shi da allura don iska ta fita, wannan dabarar da ake yaɗawa ita ce ke tada gobara. Wanda ake cirewa da hannu ka cire, wanda aka manne da gam ka bar wa mai gyara, kar ka sa sukundireba kana ɓanɓara. Kowane ɗaya ka naɗe bakin ƙarfensa da tef, don in biyu suka haɗu ko suka taɓa mukulli ko kwabo a durowa suna iya yin tartsatsi. Sai ka jera su cikin bokitin yashin nan, a inuwa, nesa da jarkar fetur da janareta da katifa. Zafin watan Maris da Afrilu na garin nan ba wasa ba ne, kar a bar su cikin mota ko saman kwano. In ɗaya ya fara zafi ko hayaƙi ko wani wari mai zaƙi-zaƙi, fitar da mutane, a tura shi waje da shebur in da hali, a zuba masa yashi, kar kowa ya tsaya yana shaƙar hayaƙin.

Na mota da babur da manyan na inbata masu ruwa, su kuma dalma ce da asid. Waɗannan su ne masu kuɗi a duk cikin tarkacen, batir mai 200Ah kan kai kilo 60 ko kusa da haka kuma mafi yawan nauyin dalma ce, don haka kar wani ya ce zai taimaka ya ɗauke maka kyauta. Wurin cirewa, kashe inbata, raba shi da sola da wutar NEPA, cire zobe da agogon ƙarfe, ka fara kwance baƙar waya kafin ja, kar sifana ta haɗa kawunan biyu. A ɗauke shi a tsaye mutum biyu, kar a kwantar kar a jijjiga, a ajiye kan katako inda yara da awaki ba sa zuwa.

Ga inda nake so a tsaya sosai. Wasu masu saye suna buɗe murfin su tuntsurar da ruwan a kwata a ƙofar gidanka kafin su ɗora a sikeli, wai ba za su sayi ruwa ba. Kar ka yarda ko da zai rage maka kuɗi. Ruwan nan asid ne da narkakkiyar dalma a ciki, unguwanninmu da yawa rijiya ake sha, abin da ya bi kwata kuma damina na kwashe shi zuwa rafin Kubanni inda ake ban ruwan lambu, Kubanni kuma a kogin Galma take zubewa. Dalma ba ta ruɓewa, ba a ganinta a ruwa, yara ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa ta daƙushe karatu ba tare da an gane dalili ba. Mu a arewa mun ga aikinta a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, can ta hanyar niƙa dutsen zinare ne a cikin gidaje amma gubar ɗaya ce. Saboda haka kar a fasa batir a gida, kar a narka dalmarsa a murhu, kar a mayar da gidan batirin wurin ban ruwan kaji ko zuba hatsi. In asid ya zube a ƙasa barbaɗa masa dakakkiyar kanwa ko toka har ya daina kumfa sannan a kwashe. In ya taɓa fata a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, in ido ne a wanke haka nan a wuce asibiti kai tsaye, asibitin koyarwa na Shika ko mafi kusa.

Ƙananan batiran rimot da rediyo ba mai sayensu, tara su a gorar roba mai murfi. Masu kama da maɓalli na agogo da kayan wasa a ɓoye su sosai, yaro in ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni, maganar asibiti ce ta gaggawa.

5. Masu gilashi da masu gas

Talabijin mai ƙugu kar a fasa ta. Gilashin bayanta akwai dalma mai yawa, cikinta kuma babu iska, in ya fashe tarwatsewa yake yi. Ɗan gwangwan jan ƙarfen da ke wuyan kwalbar yake so, in ka bar shi zai fasa a nan ya ɗauki nasa ya bar maka gilashin, don haka sharaɗin shi ne ya tafi da ita ɗungurungum. Ita da maikurowef suna riƙe wuta a ciki ko bayan an zare su daga soket, kar yaro mai son kwance-kwance ya buɗe su.

Dogon ƙwan fitila da mai murɗaɗɗen gilashin nan akwai zaiba a ciki, shi ma tsohon allon laftof da talabijin na farko-farko haka. Naɗe su a takarda ka sa a kwali. In ya fashe a ɗaki buɗe tagogi kowa ya fita kamar minti 15, kar a sa tsintsiya, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba a kwalba mai murfi har da tsumman. Ƙwan LED ba shi da wannan matsalar.

Firji da na'urar sanyaya ɗaki kar a sare bututun da adda don gas ya fita, sababbin firji da yawa gas ɗinsu R600a ne kuma yana kama wuta, tsofaffin kuma nasu na lalata sararin sama. Mai gyaran firji ya fi kowa sanin darajarsa, shi za ka fara nema. In zai jima a tsakar gida cire ƙofar ko ka ɗaure ta tamau saboda masu wasan ɓuya.

6. Wa za ka ba

A takarda tsarin a bayyane yake. Hukumar NESREA ta tarayya mai kula da dokokin muhalli tana da ƙa'idojin kayan wuta da na lantarki tun 2011, aka sabunta su a 2022, sun ɗora wa kamfanonin da ke ƙerawa da masu shigo da kaya nauyin karɓar matattun kayansu, akwai ma ƙungiyar EPRON da aka kafa a 2018 don wannan aikin. Kai kuma mai amfani, naka shi ne kar ka haɗa su da sharar gida, kar ka ƙona, kar ka yar a ko'ina, ka miƙa ga mai karɓa. Wato kana da ikon tambayar wanda ya sayar maka da kaya ina ake mayar da mataccen, ba roƙo kake yi ba. A ƙasa kuma mun san yadda abin yake, manyan kamfanonin sake sarrafawa masu lasisi irin su Hinckley da E-Terra a Legas suke, mu abin da ke zuwa ƙofar gidanmu baban bola ne da amalankensa. Toh sai a bi wannan jerin daga sama.

Na farko wanda zai ci gaba da amfani da shi, ɗalibi ko ƙaninka ko mai koyon gyara, in dai kayan na da sauran rai. Amma kar ka ba wa mutum mataccen abu da sunan sadaka, ka faɗa masa lalurar da ke jiki. Na biyu mai sayar da irinsa, musamman batir, masu sola da masu batirin mota suna karɓar tsoho su rage maka a kuɗin sabo, kuma su a cike suke tara shi su tura wa masu narkawa, wannan ya fi a fasa a unguwa. Na uku mai gyara da zai cire kayan gyara. Na huɗu dilan gwangwan mai shago tsayayye da za ka iya komawa wurinsa gobe. Mai yawo da amalanke shi ne na ƙarshe, kuma shi a ba shi ƙarfe da fanka da ayan, ban da waya da batir mai ruwa. Makaranta ko asibiti ko ofis mai kaya da yawa ya tuntuɓi EPRON ko NESREA a haɗa shi da mai lasisi, ya kuma nemi takardar shaidar an lalata kayan.

A ja wa yara kunne su ma. Da yawa daga kayan da ke ɓacewa a gida su ne ke miƙawa a ba su 'yan canji ko roba, wani lokacin har da abin da ke aiki.

7. Ciniki

Farashin gwangwan yana hawa da sauka da dala, don haka kuɗin da maƙwabcinka ya sayar bara ba hujja ba ne, tambayi wuri uku a ranar. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin daraja, jan ƙarfe a sama, alminiyon na bi masa, baƙin ƙarfe a ƙasa, roba kusan kyauta. In ka tara komai a buhu ɗaya da kuɗin baƙin ƙarfe za a saya, shi ya sa ake warewa. Maganaɗisu zai nuna maka, abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, jan ƙarfe da alminiyon ba sa kamawa. Tsofaffin fanka da sitabilaiza da kwamfuresan firji nauyinsu na jan ƙarfe ne, sababbi da yawa alminiyon ne aka shafa wa launi, in mai saye ya kankare ya nuna maka fari a ciki ba cutarka yake yi ba.

Sikeli kuma ka gwada shi kafin a rataya kayanka. Ka ga allurar na kan sifiri, sannan ka rataya ledar fiya wata mai guda 20, ya kamata ta nuna kilo 10 ko kusa sosai tunda kowane ɗaya rabin lita ne. In ta nuna 8 ka san inda aka dosa. Ba sai an yi faɗa ba, ka ce masa, "Malam sikelin nan naka ya gaji, mu je na mai shagon can." Batir ku yi cinikinsa a kan guda ko a kan kilo da ruwansa a ciki, a gama wannan maganar kafin a sauke shi daga Keke, kuma a san wa zai biya kuɗin Keken da masu ɗauka, in batiran sun kai huɗu yawanci mai saye ne ke zuwa da abin hawansa.

Waya da laftof kar su fita ba rubutu. 'Yar takarda ta isa: kwanan wata, irin kayan, IMEI ko lambar jiki, cewa matacce ne ko mai aiki, sunan mai saye da lambarsa, ku sa hannu ka ɗauki hotonta. In aka gyara wayar aka aikata wani laifi da ita, bincike ta kan IMEI yake bi kuma yana iya biyowa ta kanka, takardar nan ce za ta fitar da kai. Haka in kai ne mai saye, karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code ta jihar Kaduna, wanda ya kawo maka wayar taransifoma ko batirin fitilar titi ko na eriyar sadarwa kar ka ko taya.

8. Abin da ya rage ba mai so

Za a bar ka da fasassun caja, iyafis, gidan rimot, guntayen waya. Kar ka ƙona. Musamman wayar wuta da ake cinna wa taya don a fitar da jan ƙarfe, baƙin hayaƙin robar nan guba ne mai shiga huhu, tokar kuma tana zama a ƙasa kaji su tsattsaga. In kana son jan ƙarfen fere robar da reza, ya ma fi tsada a haka don wanda aka ƙona ana rage masa kuɗi. Sauran ka tara a kwali guda ka rufe ka rubuta a jiki, in ya cika ka haɗa wa dilan da ya sayi manyan kayanka a matsayin sharaɗin ciniki, wanda ya ci ribar batir ba zai ƙi ɗaukar kwalin caja ba. Kar a zuba a masai, kar a cike rami ko kududdufi da su, kar a jefa a kwata ana jiran ruwan sama, kuma kar a haɗa da sharar da ake kaiwa gona a matsayin taki, tunda mun san bolar garin nan da yawa a gona take ƙarewa.

9. In an cuce ka, ko wani na cutar unguwa

In mai shago ya ƙi karɓar kayan da ke cikin garanti, fara da shugabannin kasuwar ko ƙungiyar masu sayar da waya na wurin, sau da yawa a nan ake gamawa. In bai yiwu ba ka shigar da ƙorafi wurin FCCPC ta shafinsu na intanet, kyauta ne, ka haɗa hoton rasit da na kayan da saƙonnin da kuka yi, shi ya sa ya fi kyau ka riƙa yi masa magana a rubuce ko da ta WhatsApp ce. In mai gyara ko mai saye ya tona bayananka ya yaɗa ko yana maka barazana da su, kar ka biya shi ko sisi, ajiye shaidar ka kai wa 'yan sanda, akwai kuma dokar kare bayanai ta 2023 da hukumarta NDPC. In kuɗi ne suka fara fita daga asusunka, banki za ka fara kira a toshe, sannan kamfanin layi.

Wanda kuma ke ƙona wayar wuta ko fasa batir a cikin unguwa, galibi yaran nan neman abinci suke yi kuma su ne farkon masu shaƙa, don haka a fara da magana, a samu ubangidansu dilan da suke kai wa kaya. In ba a ji ba a je wurin mai unguwa, daga nan sai duba-gari na ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari gwargwadon inda kake, sannan KEPA mai kula da muhalli a jiha, ko NESREA. Ku rubuta takarda ɗaya mutum biyar ko shida su sa hannu, a sa kwatancen wurin da lokacin da ake ƙonawar da hotuna, a kai kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da shi, in an yi sati biyu shiru da wannan kwafin za ku koma.